Juma'ar da kwamfutoci suka fara neman kuɗin fansa

Ga rubutun shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari su saurari murya ba, da kuma waɗanda dama sun fi son karatu.

Bari in fara da tona wa kaina asiri. Laftof ɗina na farko na hannu ne, na saye shi a wani shago a kasuwar 'yan waya. Da mai shagon ya gama ɗora mini Windows, sai ya shiga saiti ya kashe wani abu, ya ce mini, "Yallaɓai, na rufe maka sabuntawa, don kar ta riƙa shanye maka data." Wallahi godiya na yi masa har da ƙarin kuɗin ruwa. Na yi wajen shekara biyu ina amfani da na'urar nan a haka, ina jin an yi mini gata. Ku ma na sani, yanzu haka akwai wanda wayarsa ta yi sati uku tana masa sallama cewa akwai sabuwar manhaja, shi kuma kullum amsarsa ɗaya ce, sai anjima.

To yau labarin wata "sai anjima" zan ba ku, wadda ta ɗauki kwana 59, ta kuma ƙare da durƙusar da ayyukan asibitoci.

Amma mu koma baya kaɗan. Kun san mai faci, wanda ke liƙe tayar mashin idan ƙusa ta huda ta. Masu kwamfuta ma da wannan sunan suke kiran gyaran da ake turo wa manhaja, kuma ba aron magana suka yi ba. A shekarun 1940 da 1950, kwamfuta tana karanta umarninta ne daga doguwar takarda ko kati da aka huhhuda. Idan aka yi kuskure a huji ɗaya, sai a samo 'yar takarda a liƙe wurin, ko a yanke ɓangaren a jona wani. Faci na gaske, da hannu. Takardar ta tafi, sunan ya zauna. Duk lokacin da wayarka ta ce akwai sabuntawa ta tsaro, abin da take nufi shi ne an gano huji a jikinta, ga kuma abin liƙewa.

A watan Agusta na 2003 wata cutar kwamfuta mai suna Blaster ta bazu a duniya, ta hanyar wani hujin da kamfanin Microsoft ya riga ya fitar wa da faci tun watan Yuli. Mutane ba su ɗora ba. Daga Oktoban shekarar sai kamfanin ya tsayar da rana guda, Talata ta biyu a kowane wata, ya ce a ranar zai riƙa sakin gyare-gyarensa, don ma'aikatan ofisoshi su san lokacin da za su zauna da shiri. Har yau ana kiranta Talatar faci. Ku riƙe wannan Talatar, za mu dawo kanta.

Yanzu ga hujin da ya jawo labarinmu. A cikin Windows akwai wata tsohuwar hanya da kwamfutocin ofis ɗaya ke bi su yi musayar fayil ko su yi amfani da firinta guda. Sunanta SMB, kuma tana da ƙofarta, mai lamba 445. A tsohon samfurin wannan hanya akwai kuskure, wanda idan ka san shi, za ka iya aika wa kwamfuta wani saƙo ta wannan ƙofa ka karɓe ragamarta gaba ɗaya, ba tare da mai ita ya taɓa komai ba. Hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA ta gano wannan kuskuren. Ba ta gaya wa Microsoft ba. Sai ta ƙera makami da shi, ta sa masa suna EternalBlue, ta ajiye tana amfani da shi shekaru.

Ka ga kamar ɗan sanda ne ya gano cewa duk kwaɗon da ake sayarwa a gari mabuɗi ɗaya ke buɗe su. Maimakon ya gaya wa maƙeri, sai ya yanka mabuɗin ya sa a aljihu, wai saboda ranar da zai shiga gidan ɓarawo. To ranar da aka yanke masa aljihun fa?

An kuwa yanke. A watan Agusta na 2016 wasu masu kutse da ke kiran kansu Shadow Brokers suka bayyana, suka ce suna riƙe da kayan aikin NSA, har suka sa su a gwanjo. A watan Fabrairun 2017 aka ga wani abin da ba a saba gani ba, Talatar faci ta zo ta wuce Microsoft bai saki gyaran watan ba. Sai ranar Talata 14 ga Maris 2017 ya fitar da faci mai lamba MS17-010, ya kuma sa masa alamar mafi tsananin muhimmanci. Wannan facin shi ne ya toshe hujin EternalBlue. Wata guda cif bayan haka, 14 ga Afrilu, Shadow Brokers suka watsa makamin a intanet kyauta, kowa ya ɗauka.

Wato maganin ya riga cutar fitowa. Duk wanda ya bar kwamfutarsa ta sabunta kanta a watan Maris, abin da zan faɗa yanzu bai shafe shi ba.

Ranar Juma'a 12 ga Mayu 2017, da safe agogon Turai, ma'aikatan kamfanin sadarwa na Telefónica a Sifaniya suka fara ganin allon kwamfutocinsu ya koma ja. Aka umarce su da su kashe na'urorin nan take. A jikin jan allon akwai rubutu cewa an kulle duk fayil ɗinka, hotuna da takardu da komai, in kana so a buɗe ka biya dala 300 da Bitcoin. A gefe ga agogo biyu suna ƙirga lokaci. Na farko kwana uku ne, idan ya cika kuɗin ya koma dala 600. Na biyu kwana bakwai, idan ya cika ka yi bankwana da kayanka. Har fassara saƙon suka yi zuwa harsuna sama da ashirin, don kar wani ya ce bai gane ba. Garkuwa ce sak, sai dai fayil aka kama ba mutum ba. Sunan cutar WannaCry.

Irin wannan cuta mai neman fansa ba sabuwa ba ce a lokacin. Amma waɗanda aka sani a da, sai an yaudare ka ka buɗe wani saƙo ko ka sauke wani abu. Ita wannan ba ta jiran kowa. Da ta shiga kwamfuta ɗaya sai ta fara ƙwanƙwasa ƙofa ta 445 a duk kwamfutocin da ke ofishin, da ma wasu a intanet da ta zaɓa haka kawai. Duk wadda ba a liƙe ba, ta shige, ta kulle, ta ci gaba daga can. Kana iya tafiya sallar Juma'a ka bar na'urarka a kunne ba ka taɓa komai ba, ka dawo ka tarar da jan allo.

Kafin ƙarshen makon, hukumar 'yan sandan Turai ta Europol ta ce abin ya taɓa kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe 150. Kamfanin motoci na Renault ya tsayar da aiki a wasu masana'antunsa a Faransa. Masana'antar Nissan da ke Sunderland a Ingila ta tsaya. A Jamus, fasinjoji suka ɗaga kai su duba lokacin jirgin ƙasa, sai suka ga saƙon neman fansa a allon tasha. Ma'aikatar harkokin cikin gida ta Rasha ta ce an taɓa mata kwamfutoci kusan 1,000.

Inda abin ya fi ciwo shi ne asibitocin gwamnati na Ingila, waɗanda ke ƙarƙashin NHS. Kusan kashi ɗaya cikin uku na hukumomin asibitocin ƙasar abin ya shafa, ban da ƙananan dakunan shan magani kusan 600. Likita ya zauna ba ya iya buɗe tarihin mara lafiya, ba ya ganin sakamakon gwajin jini, ba ya ganin hoton ƙashi. Aka koma biro da takarda. A wurare biyar sai da aka riƙa juya motocin ɗaukar marasa lafiya zuwa wasu asibitocin. An ƙiyasta cewa an soke ganin likita da tiyata kusan 19,000, daga baya kuma ma'aikatar lafiya ta ce asarar ta kai fam miliyan 92.

A nan nake so mu ɗan tsaya, saboda abu ne mai sauƙi mutum ya ce ai sakaci ne kawai. Akwai sakaci, ba shakka. Binciken da ofishin mai binciken kuɗin gwamnati na Birtaniya ya fitar a watan Oktoba na shekarar ya nuna an gargaɗi asibitocin a Maris da Afrilu su ɗora facin. Ya kuma nuna cewa kafin harin an je an duba tsaron kwamfuta a hukumomin asibiti 88, babu ko ɗaya da ta ci jarrabawar. Amma akwai wani gefen. Ka ɗauki injin ɗaukar hoton cikin jiki, ko na gwajin jini, wanda aka saya da maƙudan kuɗi don ya yi shekara goma sha biyar yana aiki. A cikinsa akwai kwamfuta mai tsohuwar Windows, kuma manhajar da ke tuƙa injin an rubuta ta ne don wannan Windows ɗin kaɗai. Ka sabunta, injin na iya ƙin tashi. Ka ƙi sabuntawa, ƙofa na buɗe. Sau da yawa ma asibitin ba shi da ikon taɓa ta, sai kamfanin da ya ƙera injin. Ƙarfe yana daɗewa, manhaja tana saurin tsufa, kuma an ɗaura musu aure. Wannan matsalar har gobe ba a gama warware ta ba, kuma ita ce dai ke cikin aljihunka a ƙaramin sifa, ranar da manhajar bankinka ta ce wayarka ta tsufa alhali ko tsagewa allonta bai yi ba.

To yaya aka yi abin ya tsaya? Nan ne labarin ya zama kamar fim.

Akwai wani saurayi ɗan shekara 22 mai suna Marcus Hutchins, yana zaune a gidan iyayensa a wani ƙaramin gari na bakin teku, Ilfracombe, a kudu maso yammacin Ingila. Yana yi wa wani kamfanin tsaron intanet na Amurka aiki daga ɗakinsa, a intanet kuma an san shi da MalwareTech. A makon ma hutu yake. Da ya ga labarin asibitoci sai ya nemi samfurin cutar ya fara tona cikinta. Ya lura cewa kafin ta fara ɓarna, takan fara neman wani adireshin intanet, dogo, haruffa ne birjik marasa ma'ana, kamar wanda kyanwa ta taka madannai. Ya duba, ya ga babu wanda ya yi rajistar adireshin. Sai ya saye shi, a kan dala 10 da santi 69. Dama al'adarsa ce a wurin aiki, yakan sayi irin waɗannan adireshin don ya ƙirga na'urori nawa cuta ta kama.

Shi kansa ya faɗa cewa a lokacin bai san abin da ya yi ba. Ashe an rubuta cutar ne a kan cewa idan ta nemi adireshin nan ba ta same shi ba, ta ci gaba da aikinta. Idan kuwa ya amsa, ta tsaya cak. Da Marcus ya kunna adireshin, duk sabuwar kwamfutar da cutar ta shiga sai ta nema, ta ji an amsa, ta kwanta. Kuɗin da bai kai na cefanen kwana biyu ba ya taka wa abin birki. Waɗanda aka riga aka kulle wa fayil dai bai cece su ba, amma yaɗuwar ta karye a ranar. Kwanakin da suka biyo baya shi da abokan aikinsa ba su yi barcin kirki ba, domin wasu sun yi ta yi wa adireshin ruwan saƙonni don su durƙusar da shi cutar ta farfaɗo.

A daren nan Microsoft ya yi abin da ba ya yi. Windows XP, wadda ta fito a 2001, an daina ba ta faci kyauta tun 8 ga Afrilu 2014. Amma sai ga shi ya sakar mata gyaran gaggawa ga kowa. Wannan ya sa mutane da yawa suka ɗauka XP ce ta jawo bala'in. Ba haka ba ne. Kamfanin Kaspersky ya duba alƙalumansa ya ga kusan kashi 98 cikin ɗari na na'urorin da abin ya kama Windows 7 ce a kansu, wadda a lokacin ana ba ta faci kowane wata. Facinsu na nan tun Maris, kyauta, yana jiran a danna.

Kuɗin fa? Duk wannan ɓarnar, abin da ya shiga asusun maharan bai kai dala 150,000 ba. Asusun Bitcoin uku kacal suka sa wa duniya gaba ɗaya, ba su ma da hanyar kirki ta gane wa ya biya wa bai biya ba. A Disambar 2017 Amurka da Birtaniya suka ɗora laifin a kan Koriya ta Arewa, ita kuma ta musanta. Shugaban Microsoft na ɓangaren shari'a, Brad Smith, kwana biyu bayan harin ya fito ya caccaki NSA, ya kwatanta abin da a ce an sace wa sojojin Amurka makamai masu linzami na Tomahawk. Ni a ganina yana da gaskiya, amma shi ma kamfaninsa ba fes ya fita ba. Facin XP ai a lokacin ana yi wa masu biyan kuɗi na musamman. Gwamnatin Birtaniya ma ta biya fam miliyan 5.5 a 2014 don a ƙara mata shekara ɗaya. Wanda ba shi da irin wannan kuɗin sai da gobara ta tashi aka miƙo masa guga.

Yanzu wani zai ce, to shi ke nan, duk sabuntawar da ta zo in danna. Da na so in ce e in rufe shirin, amma tarihi bai bar ni ba. Mako shida da 'yan kwanaki bayan WannaCry, ranar 27 ga Yuni 2017, wata ta ɓarke daga Yukren, ana kiranta NotPetya. Ita ta ina ta shigo? Ta cikin sabuntawa. An kutsa kamfanin da ke yin wata manhajar lissafin haraji mai suna M.E.Doc, aka cusa cutar a cikin gyaran da yake tura wa abokan cinikinsa. Daga nan ta bazu, tana amfani da EternalBlue ɗin nan dai da wasu dabarun. Ita ba ma fansa take nema da gaske ba, shafe komai take yi.

Kamfanin jiragen ruwa na Maersk, wanda kwantenoninsa ke cika tashar Apapa, yana cikin waɗanda ta durƙusar. Sai da suka sake ɗora manhaja a kan kwamfutoci 45,000 da manyan na'urorin ajiya 4,000 cikin kwana goma, asararsu ta kai dala miliyan 250 zuwa 300. Ga abin dariyar. Duk na'urorin da ke riƙe da rajistar ma'aikata da izinin shiga na kamfanin sun shafe a lokaci guda, sai guda ɗaya tak a Afirka ta Yamma. Mujallar Wired ta ce a Ghana take, wani babban jami'in kamfanin daga baya ya ce a Legas. Abin da suka haɗu a kai shi ne dalilin tsirarta: an ɗauke wuta, don haka lokacin da cutar ke yawo ita tana kashe. Ɗauke wutar da muke tsine wa kullum, ranar ita ta ceci ɗaya daga cikin manyan kamfanonin jiragen ruwa na duniya.

Sannan ga 19 ga Yuli 2024, ranar da kamfanin tsaro na CrowdStrike ya tura gyara mai kuskure, kwamfutoci kusan miliyan 8.5 suka faɗi, jirage suka kasa tashi, ba tare da wani ɗan kutse ya ɗaga yatsa ba.

Duk da haka ni ban koma ra'ayin mai shagon nan ba. Gyaran da ya lalace ana janye shi cikin sa'o'i ko kwanaki, duniya duk ta ji. Hujin da ba a liƙe ba kuwa yana nan shiru, kuma daga ranar da aka saki facinsa, masu kutse suna kwance facin su ga me aka gyara, su san ainihin inda za su nema a na'urar wanda bai ɗora ba. Abin da na ɗauka daga M.E.Doc shi ne in kula da hannun da gyaran ya fito. Wannan WhatsApp ɗin na gefe mai launi-launi da abokinka ya tura maka ta Xender, wanda kowane wata sai ya ce ka je wani shafi ka sauke sabo, ka san wa ke rubuta shi? Ni ban yarda in miƙa masa hirarrakina da lambobin mutanena ba.

A waya ma tarihin kusan iri ɗaya ne. A 2015 aka gano wani huji a Android da aka sa wa suna Stagefright, wanda saƙon hoto ko bidiyo kawai zai iya buɗe shi, a wayoyi kusan miliyan 950. Bayan shi ne Google ya fara sakin facin tsaro kowane wata. Shiga saitin wayarka, wajen bayanin waya, za ka ga kwanan watan facin tsaro na ƙarshe da ta samu. Na duba na wata tsohuwar wayata da na ba ƙanena, na ga ya haura shekara uku, kuma da ita yake tura kuɗi. Masu BlackBerry kuwa ba sai na tuna musu 31 ga Disamba 2017 ba, ranar da WhatsApp ya sallame su, bayan ya riga ya sallami masu Nokia mai Symbian a tsakiyar shekarar.

Masu laftof, ku rubuta waɗannan. Windows 7 ta daina samun faci tun 14 ga Janairu 2020. Ranar da Microsoft ya yanka wa Windows 10 ita ce 14 ga Oktoba 2025. Windows 11 kuma ba kowace na'ura take karɓa ba, tana neman wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, kuma idan injin Intel ne, galibi sai daga zubi na takwas zuwa sama. Laftof ɗin da ofisoshin Turai da Amurka ke fitarwa saboda ba su cika wannan sharaɗin ba, kun san kasuwar da suke nufa. Idan za ka sayi na hannu, kafin ka tambayi girman ma'ajiya, tambayi zubin injin, ka kuma sa a buɗe maka wajen sabuntawa a gabanka ka ga ko a kunne yake.

Shi kuwa Marcus, labarinsa bai ƙare da tafi ba. Wata uku bayan ya zama gwarzo, a Agustan 2017, jami'an FBI suka kama shi a filin jirgin Las Vegas yana shirin komawa gida daga wani taron masana kutse. Laifin tun na ƙuruciya ne, hannunsa a rubuta wata manhajar satar bayanan banki mai suna Kronos. Ya amsa laifinsa a 2019, alƙali kuma ya duba abin da ya yi daga baya ya sallame shi ba tare da ƙarin zaman kurkuku ba. Adireshin nan na dala 10 da santi 69 kuwa ba a kashe shi ba. Shekaru bayan harin, kwamfutocin da cutar ke kwance a cikinsu ba a wanke su ba sun ci gaba da nemansa duk lokacin da aka kunna su, suna jin an amsa, suna komawa barci.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.